Gadar Ƙurɗuba: Rumawa ne suka gina ta ko Musulmin Andalus?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wani hoto da ke ta yawo a waya 'yan kwanakin nan, na wata doguwar gadar dutse a kan kogi, ga babban masallacin Ƙurɗuba na ƙasar Sifaniya a bayanta. An rubuta a ƙasan hoton wai Musulmi ne suka gina ta fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma har yau ko tsagewa ba ta taɓa yi ba. To amma su 'yan garin Gadar Rumawa suke ce mata. Malamanmu na tarihi da injiniyoyin da ke nan, don Allah a warware mana. Wa ya gina ta? Kuma da gaske ne ba ta taɓa lalacewa ba?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam. Baban Ilham, ai wannan ba abin ja-in-ja ba ne. Aikin Musulmi ne. Gwamnan Andalus, wato Sifaniyar zamanin mulkin Musulmi, Samhu ɗan Malik al-Khaulani, shi ya gina ta da izinin Halifa Umar ɗan Abdul'aziz. Abin da aka yi wa masallacin bayan Kiristoci sun karɓe garin a 1236, aka mayar da shi coci, shi aka yi wa gadar: an bar ginin, an ɗauke sunan masu shi. Ni abin yana min ciwo ƙwarai, yaranmu su tashi ba su san abin da magabata suka yi ba.

Malama Ummu Khalil:
Malam Abu Safwan, sunan da ka kawo daidai ne, kuma na ji daɗi da ka tuna da shi domin mutane kaɗan ne suka san Samhu. Sai dai labarin nasa da kansa ne yake nuna akwai gada a wurin tun kafin zuwansa.

Ga yadda malaman tarihin Andalus suka kawo shi. Musulmi sun shiga Ƙurɗuba a 711 ƙarƙashin Mugis ar-Rumi, suka tarar da gadar a karye. Bayan 'yan shekaru aka dawo da fadar mulki daga Ishbiliya (Seville ta yau) zuwa Ƙurɗuba, sai matsalar ta fito fili: babban birnin ƙasa, amma in ruwa ya kawo ba mai iya shiga ta kudu. Samhu ya karɓi mulki wajen 719. Ya rubuta wa Umar cewa ganuwar garin ta rushe ta ɓangaren yamma, kuma akwai tsohuwar gada da ta karye, jama'a na shan wahalar ƙetare kogin lokacin sanyi. Ya nemi a zaɓa masa: ya gyara ganuwar, ko ya ɗebi duwatsunta ya tayar da gadar. Umar ya ce a gina gadar da duwatsun ganuwar, ita kuma ganuwar a cike ta da tubali. An yi aikin wajen shekara ta 101 bayan hijira, wato 719 zuwa 720. Samhu bai daɗe bayan nan ba, ya rasu a fagen daga a Tuluz, cikin Faransa ta yau, a 721.

Asalin gadar kuwa na zamanin Rumawa ne, wajen lokacin Sarki Agustus. Ƙurɗuba ce babban birnin lardinsu na kudu, kuma babbar hanyarsu da ta taso daga Kadis a bakin teku ta nausa arewa har duwatsun kan iyakar Faransa ta nan take ƙetare kogin. Kusan shekara 700 ke nan kafin Samhu.

Ɗalibar Ilimi:
Malama, Allah ya ƙara basira. Abin da ya tsaya min a rai shi ne zaɓin Umar. Ƙasa ce sabuwar ci, ga abokan gaba, amma ya fifita hanyar da talaka zai bi ya je kasuwa a kan ganuwar tsaro. Allah ya yi masa rahama. Amma me ya sa aka ce lokacin sanyi? Ba da damina kogi ke cika ba?

Na Malaga:
Ƙanwata, a nan abin juye yake. Ina zaune a kudancin Sifaniya, kuma ruwan samanmu da sanyi yake zuwa, daga wajen Oktoba har zuwa Afrilu. Yuni zuwa Agusta kuwa zafi ne da fari, Ƙurɗuba ma tana cikin garuruwan da suka fi zafi a duk Turai. In ka je a watan Agusta za ka ga kogin ya kwanta, tsibirai sun fito, sai ciyayi da balbelu, har ka ce me ya kai mutane gina gada mai ido 16, wato kafofin da ruwa ke bi ta ƙasanta, a kan wannan ɗan ruwa. Ka koma bayan an kwana biyu ana ruwa a watan Janairu ka gani. Ruwan ya zama ja kamar kunun kanwa, yana jan rassan itatuwa yana dukan ƙafafun gadar, kana tsaye a sama kana jin rurinsa a ƙirjinka.

Abu Safwan:
Malama, na karɓi bayaninki da girmamawa, amma bai rusa maganata ba. In mutum ya tarar da kango, babu komai sai kututturan ginshiƙai a cikin ruwa, ya zo ya tayar da gini a kai har dawaki da raƙuma suka hau, wa ya yi gada? Kututture ai ba ya ƙetarar da kowa. Abin da Rumawa suka bari bai amfani mutum ko ɗaya ba a 711.

Injiniya Ɗan Birni:
Bari in sa baki a nan, Malam, don ka taɓo fannina. A aikin gada irin wannan, abin da ka kira kututture shi ne rabin aikin, ko ma fiye. Ɗora baka, wato ginin dutse mai lanƙwasa kamar rabin da'ira, a kan ginshiƙi biyu abu ne da duk gwanin magini zai iya in ya sami dutse da katako. Wahalar tana ƙarƙashin ruwa: gano inda ƙasan kogin zai ɗauki nauyi, kange ruwa, kwashe shi, haƙa har a kai ga ƙasa mai ƙarfi, sannan a jera dutsen tushe. Wanda ya zaɓi wurin ya kafa ƙafafun, shi ya yanke wa duk masu zuwa bayansa inda gadar za ta bi da faɗin kowane ido. Shi ya sa duk gyaran da aka yi mata tsawon ƙarnoni, ba wanda ya matsar da ita. Layin da Rumawa suka ja shi ake bi har yau, kuma shi ya sa ta miƙe tsaye zuwa ƙofar garin, kusa da inda daga baya aka gina masallaci da fadar sarki.

Wannan ba rage wa Samhu daraja ba ne. Tayar da gada mai tsawon sama da mita 240 a ƙarni na 8, cikin ƙasar da ba a gama daidaita mulkinta ba, ba ƙaramin aiki ba ne.

Kawu Magini:
Injiniya, ranka ya daɗe, ni birkila ne, shekarata da yawa a kan gini. Abin da ke ɗaure min kai shi ne babu rodi, babu siminti, babu kankare. Mu yanzu ko dakin na ɗaki ɗaya za mu zuba sai mun shimfiɗa rodi. Yaya dutse kan dutse zai tsaya a sama a kan ruwa, har mota ta bi ta kai?

Injiniya Ɗan Birni:
Kawu, sirrin yana cikin siffar bakan. Dutse yana jure danni sosai, abin da ba ya jurewa shi ne ja ko lanƙwasa. Dakin ɗinka shimfiɗaɗɗe ne, in nauyi ya hau tsakiyarsa ƙasansa yana so ya buɗe, shi ya sa kake sa rodi ya riƙe shi. Baka kuwa ba ya barin a ja shi. Kafintoci za su fara haɗa ƙwarangwal na katako mai siffar rabin da'ira tsakanin ginshiƙi biyu. Masassaƙa su sassaƙa kowane dutse samansa ya fi ƙasansa faɗi. A jera su daga hagu da dama ana hawa har a haɗu a tsakiya, a cusa na ƙarshe. In aka zare katakon, kowane dutse yana so ya faɗo amma maƙwabtansa sun matse shi, nauyin sai ya gangara ta gefe ya sauka kan ginshiƙai. Kwaɓin farar ƙasa da yashi da ke tsakani aikinsa ya daidaita zaman duwatsun, ba shi ke riƙe su ba.

Amma akwai farashin da ake biya. Tunda bakan yana tura ginshiƙi ta gefe, dole ginshiƙin ya yi kauri. Ginshiƙai masu kauri kuma suna tare hanyar ruwa, ruwan ya matsu a cikin idanun, gudunsa ya ƙaru, ya riƙa yashe ƙasan ƙafafun a hankali. Da wuya ka ga gadar dutse ta karye daga sama. Daga ƙasa ake cin ta. Shi ya sa ake yi wa kowace ƙafa hanci a ɓangaren da ruwa ke tahowa, ya raba ruwan biyu ya kauda itacen da ambaliya ta ɗauko, kuma ake daɓe ƙasan kogin da dutse a ƙarƙashin idanun.

Kawu Magini:
Yanzu na gane. Wato fandisho ne dai abin tsoro, kamar kowane gini. Na gode Injiniya.

Malama Ummu Khalil:
Kawu, abin da Injiniya ya faɗa akwai shi a rubuce, kuma shi ne amsar tambaya ta biyu ta Baban Ilham. Maganar wai ba ta taɓa tsagewa ba, wanda ya rubuta ta bai karanta tarihin Andalus ba. Ambaliya ta sha karya ta a zamanin Musulmin kansu.

Sarki Hisham na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 788 zuwa 796, ya kashe dukiya mai yawa wajen sake ta, har yana zuwa da kansa duba aikin. Da aka gama sai ya ji mutane na cewa ai don ya ji daɗin fita farauta ya gina ta. Abin ya ɓata masa rai, ya rantse ba zai ƙara hawanta ba sai in zai fita yaƙi ko wata maslahar jama'a, kuma an ce ya cika rantsuwarsa.

Gyaran da aka fi bayyanawa dalla-dalla shi ne na Halifa Hakam na Biyu a 971, wanda malamin tarihin Andalus Ibn Hayyan ya adana mana labarinsa. Ruwa ya ci ƙasan ginshiƙan har ana tsoron faɗuwarsu. Sai aka jira ƙarshen lokacin zafi da kogin ya ja baya. Aka saro rassan itace daga duwatsun da ke arewacin garin, aka haɗa da manyan duwatsu da yashi da yumɓu aka yi madatsa, aka karkatar da ruwan har ƙafafun suka fito a bushe. Sannan aka ƙarfafa su da akwatunan katako da sandunan ƙarfe da manyan duwatsu masu tauri daga mahaƙa, aka cike da farar ƙasa. Halifan yakan fito da kansa ya tsaya a kan ma'aikata yana ƙarfafa musu gwiwa su gama kafin ruwa ya sauko, kuma sun gama a daidai shigowar sanyi. Wannan fa shi ne Hakam mai babban ɗakin littattafai, wanda ya yi wa masallacin mihrabin nan da duniya ke zuwa kallo. Bai ga ƙasan gada a matsayin abin da ya yi masa ƙanƙanta ba.

Abu Safwan:
To ai kin ƙara min hujja, Malama. Samhu, Hisham, Hakam. Shekara 500 Musulmi na riƙe da ita suna zuba mata dukiya. Har mawaƙansu sun ce da abu huɗu Ƙurɗuba ta fi sauran birane: gadarta, da masallacinta, da birnin Zahra da halifa ya gina a wajen gari, da ilimi wanda ya fi duka. Gadar suka fara ambata. Amma yau baƙo ya zo ya ji ana cewa ta Rumawa, ya tafi bai san komai ba.

Na Malaga:
Malam, wannan ƙorafi naka ina tare da kai a wani ɓangare, amma bari in gaya maka abin da ido ke gani a wurin. Ba a ɓoye zamanin Musulunci a garin nan ba, shi ne ma abin da suke ci da shi. Hasumiyar da ke ƙarshen gadar ta kudu, Kalahora, an mayar da ita gidan tarihin Andalus. Duk mai yi wa baƙi jagora zai gaya maka Musulmi sun sake gina gadar.

Sai dai in ka tsaya a bakin kogin ka ƙura mata ido, za ka ga idanun ba iri ɗaya ba ne. Wasu zagaye, wasu masu ɗan tsini a sama, wasu sun fi wasu faɗi. Masanin ƙasashe Idrisi da ya kwatanta ta a ƙarni na 12 ido 17 ya ƙirga, yau 16 ne. Dutsen kansa mai laushi ne, launin ƙasa-ƙasa, in ka shafa wani wurin sai ka ji yana ɗan zubowa a yatsanka, wani wurin ma za ka ga ɓawon ƙananan halittun ruwa a jikinsa. Dutse irin wannan ba ya shekara 2000 a gaban ruwa ba a sauya shi ba. Yawancin abin da ke sama da ruwa a yau ba na Agustus ba ne, kuma ba na Samhu ba ne. An yi ta faci ne ƙarni bayan ƙarni, har da bayan 1236.

Su ma sarakunan Kirista sun bar nasu. Sarki Henri na Biyu ya faɗaɗa hasumiyar Kalahora a 1369 bayan yaƙin da ya yi da ɗan'uwansa Pedro. Babbar ƙofar da ke bakin gadar ta ɓangaren gari an gina ta a shekarun 1570, bayan ziyarar Sarki Filib na Biyu, a gurbin tsohuwar ƙofar da ta kasance tun zamanin Rumawa da Musulmi. A tsakiyar gadar kuma akwai mutum-mutumin da suke ce wa Mala'ika Rafa'ilu, wanda aka kafa a 1651 bayan wata annoba da ta kashe mutane a garin. Har yanzu tsofaffinsu na kunna kyandir a gindinsa.

Hajiya Mai Goro:
Ina biye da ku, Allah ya saka. Ni dai duk sanda na ga hotunan Andalus hawaye ke zubo min. Wane irin zamani ne mai adalci da albarka aka rasa.

Malama Ummu Khalil:
Hajiya, Allah ya bar mu da ƙaunar magabata. Amma tunda maganar gadar nan ake, akwai abin da ba zan iya tsallakewa ba, ko da ba shi da daɗin ji.

Bayan gyaran Hisham, unguwar da ke tsallaken kogin, wadda ake kira Rabadi ko Shaƙunda, ta cika ta batse. Masu sana'a, 'yan kasuwa, ɗalibai da malaman fiƙihu duk a can suka zauna, domin gada ce kawai tsakaninsu da masallaci da kasuwa. Ɗansa Hakam na Ɗaya ya hau mulki, ya tsananta haraji, ya kewaye kansa da dakarun bayi waɗanda ko Larabci ba sa ji. A Ramadan na shekara ta 202, wato Maris 818, wani dogarin fada ya kashe wani mai gyaran takubba a kan gardama. Unguwar ta tashi gaba ɗaya, suka ɗunguma ta kan gadar nan suka kewaye fada. Hakam ya sa mahayansa suka zagaya suka ƙetare kogin ta wani mashigi, suka cinna wa gidajen unguwar wuta. Da mutanen suka hango hayaƙi a inda suka bar mata da 'ya'yansu sai suka juya da gudu, aka rutsa da su gaba da baya. Kwana uku ana kisa. Aka tsire mutum 300 a bakin kogin. Aka rushe unguwar har ƙasa aka mayar da ita gona, aka hana kowa sake gini a wurin, kuma hanin ya ci gaba har ƙarshen mulkin Banu Umayya.

Waɗanda suka tsira aka kore su daga ƙasar. Wasu suka tafi Fas a Maroko, inda har yau akwai ɓangaren garin da ake kira na Andalusawa. Wasu suka shiga jirgi zuwa Iskandariyya, daga can suka ci tsibirin Kirit suka kafa masarauta da ta kai har 961.

Wanda ya yi wannan Musulmi ne, waɗanda aka yi wa kuma Musulmi ne masu azumi. In za mu yi alfahari da gadar, mu san har da wannan aka yi a kanta.

Hajiya Mai Goro:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A cikin azumi. Allah ya jiƙansu.

Malam Na Damagaram:
Allah gafarta Malama, ki ba ni dama in ƙara abu ɗaya, domin labarin nan ya shafe mu kai tsaye. Cikin malaman da abin ya rutsa da su akwai Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi. Ya tsere zuwa Ɗulaiɗila (Toledo ta yau), daga baya aka ba shi aminci ya dawo Ƙurɗuba, ya zama babban malamin Malikiyya na ƙasar har rasuwarsa a 234 bayan hijira. Muwaɗɗa Malik da muke karantawa a zaurukanmu daga Damagaram har Kano da Zariya, riwayarsa ce. Duk almajirin da ya buɗe littafin ya ga sunan Yahaya a farkon hadisi, mutumin Ƙurɗuba ne da ya tsallake rijiya da baya a ranar nan. Ni da na san wannan sai na daina kallon garin a matsayin wani wuri mai nisa. Ga kuma Imam Ƙurɗubi mai tafsiri, wanda ya bar garin zuwa Masar bayan faɗuwarsa.

Ɗalibar Ilimi:
Allah ya saka wa Malam. Ina da tambaya: na ga an rubuta wai ita kaɗai ce gadar garin tsawon shekara 2000. Birnin da ake cewa ya fi kowane girma a Turai a zamaninsa, gada ɗaya tal?

Malama Ummu Khalil:
'Yata, maganar tana buƙatar gyara kaɗan. Malaman tarihi sun ambaci cewa Mansur ɗan Abi Amir, wazirin da ya riƙe ragamar mulki a ƙarshen ƙarni na 10, ya gina gada ta biyu a kan kogin wajen 988 zuwa 989 don rage cunkoso. Waccan ba ta wanzu ba. Tsohuwar ce ta rage, ita kaɗai kuma take ɗaukar garin har 1953 da aka buɗe sabuwa ta zamani. Kuma ki tuna abin da na faɗa ɗazu: bayan 818 tsallaken kogin ya zama gona da maƙabarta, birnin sai ya bazu gabas da yamma da arewa. Buƙatar ƙetarewa ba ta kai yadda girman garin zai sa ki zata ba.

Baban Ilham:
Tsaya Malama, wato motoci sun bi ta kanta ke nan?

Na Malaga:
Ƙwarai kuwa, Yaya. Babbar hanyar Madrid zuwa Kadis ta kanta ta bi, da manyan motoci da bas-bas, a kan faɗin da bai wuce mita 9 ba. A ƙarni na 20 har filastar siminti aka shafe jikinta da ita. Sai a 2004 aka hana mota hawa kwata-kwata. Daga 2006 aka shiga babban gyara, aka buɗe ta a Janairun 2008. An kankare simintin, an gyara ƙafafun, an sa sababbin fitilu. Amma abin da ya tayar da ƙura shi ne daɓen. An cire tsofaffin duwatsun da mutane suka saba takawa aka shimfiɗa wani dutse mai sulɓi, launinsa ja-ja. 'Yan garin da yawa sun yi fushi, suka ce an mayar musu da gada sabuwa fil. Ni ma ban ji daɗinsa ba. In ka kalle ta daga bakin kogi tsohuwa ce mai kwarjini, in ka hau kanta sai ka ji kamar kana harabar wani sabon banki.

Injiniya Ɗan Birni:
Ɗan'uwa, a nan ba mu tare. Daɓen da suke kuka a kansa shi ma ba tsoho ba ne in aka auna da shekarun gadar, na zamanin hanyar mota ne. Kuma saman gada irin wannan aikinsa ya hana ruwan sama tsiyaya cikin cikon da ke kan bakunan. In ruwa ya riƙa shiga ta sama yana wanke farar ƙasar da ke tsakanin duwatsu, wata rana za ka ga dutse ya fara zamowa daga cikin ido. Daɓe mai haɗe sosai da magudana mai kyau ya fi mata amfani. Launin kuma rana da sawun jama'a za su rage shi. Abin da ya fi muhimmanci a aikin nan shi ne cire simintin, don siminti a kan dutse mai laushi yana kulle danshi a ciki, dutsen ya riƙa rugurgujewa a ɓoye.

Na Malaga:
Na ji bayanin danshi, Injiniya, kuma gaskiya ne. Amma da ana iya samun dutsen da zai hana ruwa ya kuma dace da launin jikinta. A kan wannan dai ina nan a ra'ayina.

Abu Safwan:
Ni ma ina nan a kan nawa ta fuska ɗaya. Na yarda tushen na Rumawa ne, tunda wasiƙar Samhu ta faɗa. Na yarda an yi ta faci bayan Musulmi. Amma a garin da aka sa wa sababbin gadoji da tituna sunaye iri-iri, ya kamata duk wanda ya taka wannan gada ya ji sunan Samhu da Umar ɗan Abdul'aziz kamar yadda yake jin na Rumawa. Ba don wannan shawara ta 720 ba, da babu tabbacin akwai abin da wani zai zo ya gyara daga baya.

Kawu Magini:
Injiniya, tambaya ta ƙarshe. Yanzu da aka hana mota, shi ke nan ta huta? Ko har yanzu ruwan na iya kayar da ita?

Injiniya Ɗan Birni:
Kawu, cire mota ya rage mata girgiza da hayaƙi, amma nauyi bai taɓa zama babban abokin gabarta ba. Ruwan ne dai har yanzu. Madatsun da aka gina a kan kogin da rassansa sun rage yawan ambaliya, sai dai ba su kawar da ita ba. A 2010 kogin ya cika ya shiga gidaje a gefen garin. Kuma raguwar gudun ruwa a sauran lokuta ta sa laka na taruwa kusa da gadar, bishiyoyi na tsirowa, wurin ma an ayyana shi mafakar tsuntsaye da doka ta kare, tare da tsofaffin gidajen niƙa na ruwa da ke ƙasa da ita. Masu kare tsuntsaye na so a bar kurmin, masu lura da ambaliya na so a riƙa share shi don kada ya toshe idanun in babban ruwa ya zo. Abin da ake buƙata shi ne duk bayan babban ruwa a sauka a duba ƙasan kowace ƙafa, a kwashe itacen da ya maƙale, a cike inda ya yashe tun kafin sanyi na gaba.